Ranar da Aka Hana Inna Kala

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in rufe bakina in gode wa Allah, wai yarinyar da ta shigo Batsari a bayan a-kori-kura ba ta da bakin yi wa mai mota ƙorafi. 'Yar uwa, ban ji haushinki ba. Kawuna ma haka ya ce, sai dai shi da ƙarfi ya faɗa. Ki karanta na yau, in kin gama ki gaya mani inda zan sa kaina.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Mahfuza. Mutanen Runka ne mu, can ƙasar Safana. Kaka uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu, Baba bai yi wata biyu a nan ba hawan jini ya tafi da shi. Ni da Inna muke zaune a ɗaki guda a gidan yayanta, Kawu Armaya'u, mai sayar da kayan koli a kasuwa. Ɗakin na ajiyar harawa ne a da, har yau in aka yi zafi ƙamshinta na tasowa daga bango. Gadonmu ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ce. Akwai wata kazar matar Kawu da ba ta ƙwai ko'ina sai cikin takalmin Inna, kuma kullum na ƙafar hagu. Mun yi kora mun gaji, yanzu sai dai Inna ta jira ta gama.

A Runka rumbu uku Baba ke da su. Har yanzu nakan yi mafarkinsu, sun miƙe a kan duwatsun da aka ɗora su, sun biyo mu hanya a hankali kamar tsofaffi, jinkarsu a karkace. Kullum kafin su iso Batsari nake farkawa.

Sharhabilu kuma, wanda duk maganar take a kanshi, ɗan marigayi Alhaji Mamman ne mai babbar gonar nan ta hanyar Wagini. A Zariya ya yi karatun noma. Haɗuwarmu ma abin dariya ce. Na tsaya a tsakiyar hanya ina kallon wata hawainiya na tsallakawa, tana ɗaga ƙafa tana tunani kafin ta ajiye, ban ji ƙarar mota ba. Maimakon ya danna mani hon, sai ya kashe motar ya fito ya tsaya gefena, muka jira ta tare har ta shige cikin kargo.

Ya ce, "Kin san ta ne?"

Na ce, "A'a, amma da alama ita ma baƙuwa ce."

Wata shida ke nan. Gobe Juma'a aka sa baffanshi Alhaji Tayyib zai jagoranci manyansu zuwa wajen Kawu.

Ku riƙe abu guda. A wata shidan nan bai taɓa ganin fuskar Inna ba. Mu a wajenmu uwa ba ta zama da mai neman ɗiyarta, balle ni ɗiyar fari. In ya shigo gaisuwa a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana bayan labule. "Lafiya lau, ɗan nan. A gaida mutan gida." Iyakar abin da ya sani nata ke nan, murya.

Abin da bai sani ba, wanda Kawu ya ja mani kunne kada in bari ya sani, shi ne Inna na zuwa kala a gonarsu.

'Yan birni, kala ita ce in an gama girbi an ɗaure dami an kwashe, mata su shiga gona su tsince zangarniyar da ta zube. Ba roƙo ba ne, ba kuma sata ba. Duk rabon kayan abincin da aka yi wa 'yan gudun hijira a garin nan Inna ba ta taɓa shiga layi ba. Amma kala tana tafiya kanta tsaye, da kwandonta da guntun zanen da take ɗaure ƙugu. Takan ce abin da ta duƙa ta tsinta, bayanta ne ya biya. Da geron nan da ɗinkin hular da nake yi muke kai wa tsakiyar rani ba mu miƙa wa matar Kawu kwano ba.

Kuma gonar Alhaji Mamman ba kamar sauran ba ce. Masu yi mashi girbi sun san dokarshi, abin da ya suɓuce daga hannu ba a duƙa mashi, inda aka wuce ba a komawa. An ce in ya ga 'yan ƙwadagon sun cika tsantseni, shi da kanshi zai bi bayansu yana zare zangarniya daga dami yana yarwa kamar bai lura ba. In kuma zai shiga gonar lokacin kala, tun daga bakin hanya yake fara tari, babban tari mai tashin kanari daga bishiya, don matan su samu su juya baya. Shekara arba'in bai san fuskar mai kala ko guda ba. Bara Allah ya karɓi abinshi.

To, ran Litinin ta makon jiya Inna ta fita bayan sallar asuba kamar kullum. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga ta. Ina zaune ina ɗinki, na ga kwandon a kife a kanta.

"Inna, lafiya? Ko mutanen daji aka gani?"

"Ba a ga kowa ba."

Ta kwance bakin zanenta ta fiddo wani kati ruwan ɗorawa ta ajiye a kan gado. An rubuta lamba arba'in da ɗaya, a ƙasa an sa Saude Runka. Ta juya ta fuskanci bango.

A bakin maƙwabta muka ji sauran. Sammani, mai kula da gonar, shi ya tare su. Ya ce maigida Sharhabilu ya ce bana babu kala, an sa 'yan ƙwadago su koma baya su tsince komai. Bai yi masu tsawa ba, har haƙuri ya ba su. Amma abin da suka riga suka tsinta ya sa sun juye a kan tsibi, ya rubuta sunayensu, ya ce ran Alhamis ta sama kowace ta zo ƙofar gidan Alhaji ta karɓi rabin buhu.

Da Kawu ya dawo kasuwa ya tsaya a bakin ƙofarmu yana juya katin.

"Rabin buhu, Saude. Kalar taki ta wata guda tana kai rabin buhu?"

"Ba ta kai, Yaya."

"To mi ne na kwanciya kamar an yi rasuwa?"

"Ya juye mani kwando."

"Kwandon da bai cika ba."

"Ni na san sau nawa na duƙa."

Kawu ya yi tsaki. "Tun yaushe nake ce maki ki bar zuwa gonar nan har a ɗaura auren yarinyar nan? Mutanen nan sun san ku da iyalin mai rumbu uku da ƙaddara ta faɗa wa. Ba su san ku da tsintar ƙasa ba. Alhaji Tayyib mutum ne mai tambayar kakan kaka. Ki ɓoye katin nan, babu mai zuwa. Ke kuma," ya nuno ni da katin, "in bakinki ya yi ƙaiƙayi ki tauna goro."

Ran Lahadi bayan la'asar Sharhabilu ya zo zance. Farar shadda ya sa, da hular da na ɗinka mashi mai zaren ruwan toka. Na sa atamfata mai ganyen kuka, wadda na yi salla biyu da ita, na shimfiɗa mashi darduma a zaure. Tun kafin ya zauna ya ciro waya, fuskarshi kamar wanda aka yi wa albishir.

"'Yar Runka, zo ki gani."

Hoton tsibin gero ne, ya fi tsawon mutum.

"Buhu goma sha tara muka samu bayan an sussuka. Abin da ake bari a ƙasa duk shekara ke nan. Rabi gara ke ci, da tsuntsaye, da shanun da ke biyo baya. Ko ƙwaya ba zan kai rumbu ba, duk na mutane ne. Zakka ma daban na fitar."

Na ce, "Ma sha Allah." Na miƙa mashi wayar. "Amma su matan, Malam, ka tambaye su?"

"In tambaye su mi?"

"Ko sun fi son su tsinta da kansu."

Ya yi dariya. "Su wuni a duƙe a rana saboda tiya biyu, ko su zo su zauna a kujera a ba su rabin buhu? Mahfuza, ke wanne za ki zaɓa?"

"Ni ba ni ake magana ba."

"Kala ta mai ƙarfi ce. Makauniya fa? Mai jego fa? Tsohuwar da gwiwa ta hana ta tashi, wa ke tsinto mata? Kuma ki duba lokacin da muke ciki. Mata su fita daji da duku-duku. In aka ɗauke wata a gonata, da wane ido zan kalli 'ya'yanta?"

Ni kaina duk ranar da Inna ta fita, allura ba ta zama a hannuna sai na ji sallamarta.

Na ce, "To katin fa, da rubuta suna?"

"Wata ƙungiya ce a Katsina. Sun ce duk buhun da na bayar za su ƙara guda, in dai akwai suna da bidiyo. Kowace ta faɗi sunanta da garinsu, ta yi godiya a taƙaice. Mai niƙabi ma ba sai ta ɗaga ba. Ni ma ba son hoton nake ba. Amma sha tara ta koma talatin da takwas. In ƙi saboda mi?"

Na ji maganar ta taso mani har maƙogwaro. Malam, lamba arba'in da ɗaya uwata ce. Kalma bakwai. Na buɗe baki, sai na ji rediyon Kawu, da ke ta surutu a tsakar gida tun ɗazu, an rage mata murya har ta mutu. Na haɗiye.

Sai na ce, "An ce Alhaji in zai shiga gona lokacin kala tari yake yi."

"Allah sarki, Baba. Ƙaiƙayin gero ne ke tayar mashi da shi. Duk kaka sai mun kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga komai ba."

Na kalle shi. Da gaske yake. Ɗan da aka haifa a gidan, ya yi karatun gona shekara biyar, bai san tarin ubanshi ba. Matan ƙauye da ba su taɓa gaisawa da mutumin ba su suka sani. Na ji tausayinshi, na ji haushinshi, kuma na ji ina son shi, duk a zama guda. Ko ku ma kan yi haka?

Jiya Laraba da azahar saƙonshi ya shigo.

"'Yar Runka, ina neman alfarma. Gobe ke nake so ki miƙa wa mata da hannunki. Namiji bai dace ba. Kuma Baffa Tayyib zai zo, ina so ya gan ki a cikin aikin alheri."

Kafin in amsa wani ya biyo.

"Ki sa mayafin nan ruwan zuma."

Sai na uku.

"Wadda ba ta samu zuwa ba, ni da kaina zan kai mata har ɗaki bayan la'asar. Sammani ya san gidan kowa. Ba wadda za a manta."

Na karanta na ƙarshen sau uku. Na kai wa Kawu, yana cin ɗanwake a gindin dalbejiya. Ya ajiye cokali.

"Har ɗaki?"

"Haka ya ce."

"Da mai ɗaukar hoto?"

"Ban sani ba, Kawu."

Ya kira Inna. Ta fito ta durƙusa nesa kaɗan.

"Saude, magana ta canza. Za ki je. Ki ari niƙabin matata, ki karɓa, ki dawo. Kada ki yi magana, ya san muryarki. In aka matsa, ki nuna maƙogwaro, mura ce."

Na ce, "Kawu, ni fa zan miƙa."

"To sai mi? Hannunki zai ƙone?"

"Bari in gaya mashi gaskiya kawai. Shi ba—"

"Shi ba shi ke ɗaura aure ba, baffanshi ne. Kwana biyu ya rage. Shekara uku ina raba tuwon gidana gida biyu, ban taɓa yi maku gori ba, yau ma ba gori nake ba. Amma ƙofa ce Allah ya buɗe. In kin shiga gidan nan uwarki ta gama duƙawa har abada. Awa guda ta rufe fuska, shi ne abin wuya?"

Inna ba ta kalle shi ba, ba ta kalle ni ba. Tana kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero ta nufi bango da ita, ƙwayar ta faɗi, ta sake ɗauka.

Ta ce, "Zan tahi, Yaya."

Na amsa wa Sharhabilu da kalma uku. "In sha Allah." Na ce a raina kafin safiya zan kira shi. Safiya ta yi ban kira ba. Kada ku ce ban samu dama ba, na samu. Wayar na hannuna.

Yau da safe ya aiko mota ta ɗauke ni. Inna kuma da ƙafa ta tafi, ta bayan kasuwa.

An kafa rumfa biyu a ƙofar gidan. Ɗaya ta manya, da kujerun roba farare da ruwan gora a kan tebur. Alhaji Tayyib na tsakiya, babbar riga ruwan bula, carbi mai manyan 'ya'ya, yana kallon mutane ta saman tabarau. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ita ce? Madalla. Allah ya yi albarka." Ɗaya rumfar ta mata ce, amma ba ta ɗauke su ba, layi ya fita har rana. Na san da yawansu. Wasu 'yan Runka ne, sun sha furar gidanmu. Da suka gan ni cikin mayafi ruwan zuma a bayan tebur, wasu suka yi murmushi, wasu suka sunkuyar da kai. Babu wadda ta kira sunana.

Tsarin shi ne Sammani ya kira lamba, mace ta matso, ta dangwala yatsa a takarda, ta kalli wayar mutumin ƙungiya ta yi magana, sannan in kama bakin buhu in miƙa, ta kama, a ɗauka. Sharhabilu na gefena yana yi wa kowace sannu. Ba na ƙarya ba, sannu ta gaske. Wata mai goyo ya sa aka ba ta kujerarshi.

Ina miƙawa ina ƙirga lamba a zuci. Ashirin. Talatin. Na hango niƙabin matar Kawu, mai ɗan facin shuɗin zare a gefe. Ko ba facin ma, tsayuwar Inna ba ta ɓoyuwa, kamar an dasa ta.

Lamba arba'in wata tsohuwa ce makauniya daga Yasore, ana ce mata Fanta. Riƙe da gefen hijabin Inna ta iso, ashe tun daga layi Inna ke jan ta. Da aka ɗora hannunta a kan buhun sai ta cusa yatsu ta ɗebo geron ta shinshina.

"Na gonar Alhaji ne. Na san shi. Shekara shida rabona da shi, tun da idona ya tahi. Da ina cikin masu kala, da na makance ba wanda ya tuna da ni. Yaro, kana ina? Kawo kanka."

Sharhabilu ya sunkuya, ta dafa hular da na ɗinka, ta yi ta zuba addu'a har mutumin ƙungiya ya ce ya isa. Na ga idon Sharhabilu ya kawo ruwa. Ya kalle ni, irin kallon ga abin da nake gaya maki. Kuma gaskiyarshi ne. Wannan ne abin da ke ci na har yanzu, gaskiyarshi ne.

"Arba'in da ɗaya. Saude Runka."

Ta matso. Ta dangwala yatsa. Mutumin ƙungiya ya ɗaga waya.

"Gwaggo, sunanki da garinku."

Shiru.

"Gwaggo, ko kaɗan ne."

Ta nuna maƙogwaro kamar yadda Kawu ya ce.

Sharhabilu ya ce, "Ba komai, a bar ta. Mura ce ko, Gwaggo? Allah ya sawwaƙe. 'Yar garinku ce fa, Mahfuza, kin san ta?"

'Yan uwa, ga inda nake so ku tsaya. Ya tambaye ni. A gaban Allah da mutane ya tambaye ni. Na ce, "Runka da faɗi."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ga idon Inna ta tsagar niƙabi. Bai canza ba, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Mutumin ƙungiya ya ce, "To tunda ba magana, ta ɗan rusuna wajen karɓa, alamar godiya. Haka ma ya yi."

Na kama bakin buhu. Inna ta tattare hijabi. Matar da ko sunana ba ta taɓa kira ba don kunyar ɗiyar fari, matar da nake durƙusa wa in miƙa mata ruwa, ta fara sauka a gabana, gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa. Na ji ƙarar gwiwar, irin wadda take yi in ta dawo kala.

Na saki buhun. Ya faɗi, bakin ya kwance, gero ya watsu har ƙarƙashin teburin manya. Ban san lokacin da na zube a ƙasa ba, na riƙe hannunta.

"Inna, tashi. Don Allah tashi."

Wurin ya yi tsit, sai kajin gidan da suka rugo kan geron.

Sharhabilu ya ce, "Wace Innar?"

Inna ta zare hannunta daga nawa. Ta miƙe. Ta ɗaga niƙabin ta mayar baya, ta kalle shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ɗan nan, ina kwana."

Ya ja baya kamar an watsa mashi ruwa. Sai ya durƙusa a wurin, cikin farar shaddarshi, a kan geron.

Ta ce wa Sammani, "Ba ni tiya."

Ya miƙo mata. Ta kwance guntun zanen ƙugunta ta shimfiɗa, ta auna tiya guda ta share bakinta da tafin hannu, ta ƙara rabi.

"Wannan shi ne abin da ke cikin kwandona ran Litinin. Shi na zo ɗauka. Sauran a ƙara wa Fanta, ita ba ta iya duƙawa." Ta ƙulle zanen ta ɗora a kai. "Allah ya saka da alheri. Ba ka yi don mugunta ba, na sani."

Daga baya cikin layi wata ta ce, "In ba ta so ta matsa mana, rana na dukanmu." Wata ta ce mata ta yi shiru. Mutumin ƙungiya na tambaya ko ya goge bidiyon. Alhaji Tayyib ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya kalle ni tun daga mayafi har takalmi. Na bi bayan Inna da ƙafa, mayafin a hannu. Har muka iso gida ba ta juyo ba.

Labari ya riga mu isa kasuwa. Kawu ya rufe rumfa ya dawo tun kafin azahar. Ba zan rubuta duk abin da ya faɗa ba, yayan uwata ne. Ya ce mun ɗauki abinci mun zubar don girman kai, ya ce talaka da zuciyar sarauta shi ke kwana da yunwa, ya ce tiya ɗaya da rabi kwana nawa za ta yi mana. Inna na tsakar gida tana surfa geron, taɓarya na sauka daidai.

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Shi ne.

"An gama rabon. Kowa ta samu. Na sa an goge na Inna."

Na fara rubuta godiya, wani ya shigo.

"Kwana goma kina sane. Kin zauna da ni a zaure kina sane. Kin bar ni na sa a ɗora wa mahaifiyarki waya, na ce mata Gwaggo. Na tambaye ki, kika ce Runka da faɗi. Ni abin da na yi ban sani ba na yi. Ke fa?"

Na zauna a bakin gado da wayar. Zan iya cewa Kawu ne ya hana, kuma ba ƙarya ba ne. Na rubuta hakan, na goge. Na rubuta cewa shi ya fara, shi ya juye mata kwando. Na goge.

Inna ta shigo ɗaukar faifai. Ta ga fuskata.

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Mi ya ce?"

Na karanta mata, har wajen Runka da faɗi.

Ta ce, "Tambaya ya yi. Ba shi amsa."

"Inna, ki yafe mani."

"Wannan tsakanina da ke ne, ba ya cikin waya. Ba shi tashi amsar."

Ga abin da na rubuta, ban canza ko harafi ba. "Ba Kawu ba ne. Ni ce. Na ji kunyar ka san abin da muke ci daga ƙasan gonarku ake tsinto shi. Ita ba ta taɓa jin kunyar hakan ba, ni na ji. Yanzu ka san mu."

Na tura. Alamar ta koma shuɗiya nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. La'asar ta yi, ta wuce. Har yanzu da nake rubuta maku wannan babu abin da ya shigo, ba daga shi ba, ba daga gidan Alhaji Tayyib ba.

Ɗazu matar Kawu ta leƙo. Ta ce Kawu ya ce a tambaye ni, tunda ni na ɓata ni na san inda aka kwana, tabarmin da aka aro na baƙin gobe a shimfiɗa su a zaure ko a mayar wa masu su tun da sauran haske.

Na kalli wayar.

Daga tsakar gida Inna ta amsa, ba ta daina bakace ba.

"A shimfiɗa. In sun zo, su tarar da mu yadda muke."